Wayarka Ce Ke Kulle Maka Asusu

Ma'aikaci ya sauya adireshin imel ɗin da yake shiga asusunsa da shi, ko kuma sashen kwamfuta na ofis ya ba shi sabon suna da sabuwar kalmar sirri. Ya gwada a kwamfuta, komai ya tafi daidai. Bayan azahar sai ga saƙo: an kulle asusun saboda yawan kuskuren kalmar sirri. A buɗe masa, kafin la'asar an sake kullewa. Hankalinsa zai tafi ga 'yan damfara, alhali sau da yawa mai laifin yana cikin aljihunsa, ko a durowar gida, ko a hannun ƙaninsa da ya ba tsohuwar waya.

Waya ba ta tambayar mai ita kalmar sirri kullum, domin ta adana abin da aka ba ta tun ranar farko. Manhajar imel, da kalanda, har da intanet ɗin ofis mara waya, kowanne yana komawa ga uwar garke bayan 'yan mintuna ya gabatar da bayanan da ya sani. Idan tsohon sunan yana nan a maƙale da asusun amma kalmar sirri ta sauya, duk zuwan da wayar ta yi kuskure ne a lissafin uwar garke. Ita kuwa kamar maigadi take da aka ce masa ya rufe ƙofa idan aka yi ta gwada mabuɗin da bai dace ba. Ba ruwansa da ko ɗan gida ne ke gwadawa. A tsarin Microsoft Entra da ofisoshi da jami'o'i da yawa ke amfani da shi, kuskure 10 kan jawo kulle na minti ɗaya idan ba a sauya ƙa'idar ba, kuma lokacin yana ƙaruwa idan aka ci gaba da kuskure.

Saboda haka sake sauya kalmar sirri ba magani ba ne, ƙara wa wayar abin da za ta yi kuskure a kai ne kawai. A fara ƙirga duk na'urar da ta taɓa shiga asusun, a kashe musu intanet, sannan a nemi a buɗe. Daga nan a bi su ɗaya bayan ɗaya: a cire asusun daga manhajar imel gaba ɗaya, a sake saka shi da sabon suna. Gyara kalmar sirri kaɗai yakan bar tsohon sunan a ɓoye cikin saiti. Idan kullen ya dawo, masu kula da kwamfutar ofis suna iya duba rajistar shiga su ga irin na'urar da ke ƙwanƙwasawa da lokacin da take zuwa.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne kullen da ke kama wayar kanta. Tun 2013, da fitowar iOS 7, Apple ya ɗaure kowace iPhone da asusun mai ita, ta yadda ko an goge ta ba za ta buɗe ba sai da wannan asusun. Google ya kawo irin wannan kariya a Android 5.1 cikin 2015. An yi su ne don ɓarawo ya rasa amfanin wayar da ya sata, kuma ni ina ganin sun cancanci wahalar da suke jawowa. Sai dai mai waya na halal ma yana faɗawa ciki. Mutum ya sauya kalmar sirrin Google da safe, da yamma ya kai wayar Farm Centre a Kano a yi mata filashin, wato a goge ta, saboda tana nauyi, sai ta ƙi karɓarsa. Google da kansa yana gargaɗin a jira awa 24 bayan sauya kalmar sirri kafin a goge waya. Shi kuma Apple, idan mutum ya rasa duk hanyar tabbatar da kansa, dawo da asusu na iya ɗaukar kwanaki, kuma ma'aikatansa ba sa iya rage wannan jiran.

A wajenmu lambar waya ce ginshiƙin komai. Ita ce sunan shiga WhatsApp, ita ake turo wa lambar tabbatarwa daga Facebook, da Google, da banki. Tun da aka fara haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a Disambar 2020, mutane da yawa sun rasa layukansu ko sun koma wasu, ba tare da sun sanar da asusunsu ba. Ranar da suka sauya waya, lambar tabbatarwa ta tafi layin da ya mutu. Mafi muni, layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi, saƙon sirrinka ya sauka a wayar wani baƙo.

Bin matakai a jere ne ke ceton mutum. Kafin a yar da tsohon layi, a shiga kowane asusu a saka sabuwar lamba, a tabbatar saƙo ya iso, sannan a cire tsohuwar. WhatsApp yana da wurin sauya lamba a cikin saitinsa, wanda ke ɗauke da rukunoni da bayanan mutum zuwa sabon layi. A yi amfani da shi tun tsohuwar wayar tana hannu. Wanda ya saka wa WhatsApp lambar sirri mai alƙaluma 6 ya haɗa ta da imel, domin idan ya manta ta ba imel, jiran kwana 7 ne. Google kuma yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya. A rubuta su a takarda a ajiye tare da takardun gida, kada a bar su cikin wayar da ake tsoron ta kulle.