Cancanta ko kaso? Tsarin raba gurabun karatu a Nijeriya da darasinsa ga Nijar

1. Gabatarwa

Daga Matamaye zuwa iyakar Ɗan Barto tafiya ce ƴar kaɗan, daga nan kuma hanya ta miƙe zuwa Daura da Kano. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna kuma auratayya. Amma idan aka zo batun shiga manyan makarantu, ɗan Matamaye da ɗan Daura dokoki biyu mabambanta suke bi. Na farko ya gaji tsarin Faransa, inda bakaloreya da jarrabawar gasa suke yanke hukunci. Na biyu yana ƙarƙashin tsarin da ke duba maki, ya kuma duba jahar da ɗalibi ya fito.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana asalin tsarin na Nijeriya, da yadda yake aiki, da hujjojin masu goyon bayansa da na masu suka. Daga ƙarshe za mu duba abin da Nijar za ta iya ɗauka daga ciki.

2. Ma'anar kalmomi

Da Faransanci ana kiran irin wannan tsari discrimination positive. A nan za mu kira shi fifikon gyara, wato fifita wani rukunin jama'a da gangan don a gyara wani giɓi da tarihi ya bari. Kaso shi ne adadin gurabun da aka keɓe wa rukunin. Cancanta kuwa, a bakin hukumomin ilimi, ba ta wuce makin da ɗalibi ya ci a jarrabawa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin rabin gardamar a kan ma'anar cancanta take.

A Amurka launin fata ne aka yi ta jayayya a kansa. A Indiya asalin gida ne. A Nijeriya kuwa jaha ce ma'auni, ko da yake kowa ya san a bayan jaha akwai ƙabila da yanki.

3. Asalin giɓin

Ilimin boko ya shiga kudancin Nijeriya ta hannun ƴan mishan. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859. A ƙasashen sarakunan Arewa kuwa Turawan Ingila sun taƙaita ayyukan mishan, su kuma ba su gina makarantu da yawa ba. Sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, Kwalejin Katsina kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1920. A 1957, shekara uku kafin samun ƴancin kai, Kudu tana da makarantun sakandare 176, Arewa tana da 18, alhali Arewa ta fi yawan jama'a.

Shugabannin Arewa sun ga cewa idan aka bar maki kaɗai ya yi hukunci, aikin gwamnati da na soja duk za su koma hannun ɓangare ɗaya. Saboda haka aka fara da soja: a 1961 aka tsayar da cewa rabin sababbin hafsoshi daga Arewa za su fito, Gabas da Yamma kowace ta sami kashi 25 cikin 100. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 tunanin ya ƙara ƙarfi. Janar Murtala Muhammad ya ambaci manufar raba-daidai a jawabinsa ga kwamitin rubuta tsarin mulki a watan Oktoba na 1975. Ta shiga sashe na 14 na tsarin mulkin 1979, aka maimaita ta a na 1999, an kuma kafa mata hukuma ta musamman a 1996.

4. Yadda tsarin yake aiki

A 1978 aka kafa hukumar JAMB don ta riƙa shirya jarrabawa ɗaya ta shiga jami'a. Da farko ana raba gurabun jami'o'in tarayya gida huɗu: kashi 40 na cancanta, 30 na jahohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jahohin da aka bari a baya wajen ilimi, 10 kuma na ganin damar hukumar jami'a. A shekara ta 2000 aka soke kason ganin dama, rabon ya koma 45, 35 da 20.

Mu ɗauki misalin sashen da ke da gurbi 100. Za a jera dukan masu nema bisa maki, a ɗauki 45 na sama ko daga ina suka fito. Sa'an nan a jera ƴan jahohin kewaye, a ɗauki 35. Daga ƙarshe a jera ƴan jahohin da aka bari a baya, a ɗauki 20. Ke nan jeri uku ne, kowane da makinsa na ƙarshe, kuma mai yiwuwa ne wanda aka bari a jeri na farko ya fi wanda aka ɗauka a jeri na uku maki.

Abubuwa biyu ne ake yawan mantawa da su. Na farko, jahohin da aka bari a baya 23 ne cikin 36: jahohin Arewa 19 duka, da huɗu daga Kudu, wato Bayelsa, Kuros Riba, Ebonyi da Ribas. Na biyu, kaso mafi girma bayan na cancanta shi ne na kewaye, kuma shi kowa yana cin moriyarsa. Yadda yake kare ɗan Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, haka yake kare ɗan Oyo a Jami'ar Ibadan.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne a kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda aka fara buɗewa a 1966 a Sakkwato, Warri da Okposi don haɗa kan yaran ƙasa. A jerin makin shiga na 2013, cikin maki 200, an nemi 139 daga ɗan Anambra, 67 daga ɗan Kano, 4 daga yaro namiji na Zamfara.

5. Gaban shari'a

Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Badejo da Ministan Ilimi na Tarayya. Wata yarinya ƴar asalin jahar Ogun ta ci maki 293 a jarrabawar 1988, ba a kira ta ganawa ba, alhali an kira waɗanda ba su kai ta ba daga wasu jahohi. Mahaifinta ya kai ƙara a madadinta. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta kori ƙarar a 1996 bisa cewa an riga an gama ɗaukar ɗaliban tun da daɗewa. Wato ba a amsa ainihin tambayar ba. A 2014, a ƙarar da lauya Olisa Agbakoba ya shigar, Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta ce bambanta makin jahohi ya saɓa wa sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci saboda asali. Duk da haka an ci gaba da bambanta makin a shekarun da suka biyo baya. Matsalar ita ce tsarin mulki ɗaya ne ya ƙunshi sashe na 14 da na 42.

6. Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa maki ba ƙwaƙwalwar yaro kaɗai yake aunawa ba, yana auna makarantar da ya yi. Yaron da ya ci 60 a ajin da ba benci ba littafi, wataƙila ya fi wanda ya ci 120 da taimakon malamin gida hazaƙa. Suna ƙarawa da cewa jami'ar tarayya da kuɗin kowa aka gina ta, kuma jahar da ba ta da likitoci da malamai ƴan ƙasa za ta daɗe tana jiran na aro.

Masu suka kuwa hujjarsu uku. Ta farko, yaron da aka hana gurbi ba shi ya hana mishan zuwa Arewa ba, don haka ba shi ya kamata ya biya bashin ba. Ta biyu, ana lissafa jaha ta asalin iyaye da kakanni, ba ta inda yaro ya tashi ba. Ɗan babban ma'aikaci daga Zamfara da ya yi makarantar kuɗi a Abuja yana shiga kason waɗanda aka bari a baya, yaron Anambra da aka haifa a Sabon Garin Kano kuwa ana auna shi da makin Anambra. Ta uku, kaso yana rufa asirin gwamnatocin jahohi: muddin gurbi yana nan a ajiye, ba abin da ke matsa musu su gyara makarantun firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kaso kuwa a ƙofar jami'a yake jira, inda yawancin ƴaƴan talakawa ba su isowa.

A ganinmu hujja ta biyu ita ce mafi nauyi, domin tana nuna cewa tsarin yana iya kuskure wanda aka yi shi dominsa.

7. Abin da wasu ƙasashe suka gwada

A Amurka, Kotun Ƙoli ta haramta kaso tsagwaro a shari'ar Bakke ta 1978, amma ta yarda a duba launin fata a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan lura. A ranar 29 ga Yuni 2023, a shari'ar jami'o'in Harvard da Karolina ta Arewa, ta rufe wannan ƙofar ma. Tun 1997 jahar Tegzas ta bi wata hanya: ɗaliban da suka zo cikin kashi 10 na sama a kowace sakandare suna da gurbi a jami'o'in jahar. A Faransa, inda doka ba ta yarda da rarraba ƴan ƙasa bisa launi ba, makarantar Sciences Po ta buɗe hanya ta musamman a 2001 ga ɗaliban lise na unguwannin talakawa. A Indiya, Kotun Ƙoli ta ce a 1992 a fitar da masu hali daga kason wasu rukunan da aka bari a baya. Duk ukun na ƙarshe suna ƙoƙarin auna halin da yaro ya tashi a ciki.

8. Darasi ga Nijar

Nijar ma tana da giɓinta. Bayan an mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, makarantu da ayyukan gwamnati sun fi taruwa a yamma. Jami'ar Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati har zuwa 2010, lokacin da aka kafa na Damagaram, Maraɗi da Tawa. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wato Nijar ta zaɓi kai jami'a kusa da ɗalibi. Kuma kaso ba baƙo ba ne a ƙasar: a 1993 aka keɓe kujeru 8 na majalisar dokoki ga mazaɓu na musamman saboda ƙananan al'ummomi, a 2000 kuma aka yi dokar kason mata.

Sai dai gasar tana nan a inda gurbi ya yi kaɗan: karatun likita, manyan makarantun horo, da tallafin karatu a ƙasashen waje. A irin waɗannan wurare ɗalibin lise na gundumar Kance yana karawa da na makarantun kuɗi na Yamai a kan ma'auni ɗaya. Ɓoye sunan mai jarrabawa yana hana son kai, amma ba ya daidaita makarantun.

9. Kammalawa

Idan har za a yi fifikon gyara a Nijar, abin da ya faru a Nijeriya yana nuna sharuɗɗa uku. A dogara da makarantar da ɗalibi ya yi da halin gidansu, kada a dogara da takardar asali, wadda ke farfaɗo da ƙabilanci. A sa mafi ƙarancin makin da ba wanda zai shiga ƙasa da shi, tare da shekarar share fage ga masu buƙata, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yi. A kuma sa wa'adin sake duba tsarin, a buga alƙaluman kowace shekara don jama'a su ga ko giɓin yana raguwa. Nijeriya ta shafe fiye da shekara 40 da wannan tsari a jami'o'inta, jahohi 23 kuma suna cikin jerin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kaso ba ya maye gurbin malami da aji da littafi a makarantar ƙauye.