Gyaran dokar ilimin bai-ɗaya: wa za a tuhuma idan makarantar Karfi ta gaza?

Tun shekarar 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ware aƙalla kashi biyu cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wanda hukumar UBEC ke raba wa jihohi. Sai dai akwai sharaɗi: jiha ba za ta taɓa kasonta na ayyuka ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Wannan sharaɗi ne ya sa biliyoyin naira suka sha yin shekaru a ajiye a Abuja, alhali yara na zaune a ƙasa a azuzuwan da rufinsu ke yoyo.

Shawarwarin gyara sun zo ta fuskoki da dama. Wasu 'yan majalisa na neman a ƙara kason nan na kashi biyu. A watan Fabrairun 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya kawo shawarar a mayar da ilimin tushe shekara goma sha biyu a jere. Kafin nan, a 2023, Sanata Orji Uzor Kalu ya gabatar da ƙudirin ɗaga tarar iyayen da suka ƙi sa 'ya'yansu a makaranta zuwa naira dubu hamsin. Dokar yanzu ta tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tarar naira dubu biyu ko ɗaurin wata guda.

A gari irin Karfi, a ƙaramar hukumar Malumfashi, inda masara da auduga da waken suya ke riƙe da gidaje, tarar ba za ta yi wuyar fahimta ba: uban da ya ja ɗansa gona lokacin kaka shi ne mai laifi. Abin da dokar ba ta fayyace ba shi ne hukuncin ɓangaren da ke riƙe da kuɗin. Gwamnatin jihar da ta ƙi biyan nata kason ba ta fuskantar wata tara, ɗaliban ne kawai ke asara. Haka kuma dokar ba ta ɗora wa kowa alhaki idan yaro ya kammala aji shida bai iya karanta jimla ba.

Alhakin ma a warwatse yake. UBEC tana Abuja, SUBEB tana Katsina, albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi yake fita, batun da ya ƙara ɗaukar hankali bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Kwamitocin iyaye da shugabannin unguwa da ke sa ido kan makarantu, wato SBMC, su ne suka fi kowa sanin malamin da bai zo aji ba, amma ba su da ikon hukunta shi. Duk gyaran da bai ba su wannan ƙarfi ba, bai kuma tilasta a liƙa wa jama'a lissafin kuɗin kowace makaranta a bangonta ba, zai tsaya ne a kan uban yaron kaɗai.