Mayen ƙarfe mai riƙe ƙofa: abin da mazauna Adjamé da Treichville za su duba kafin su saya

A gidajen haya na tsakar gida ɗaya, waɗanda a Abidjan ake kira « cour commune », ɗaki kan zo da ƙofa ɗaya da taga ɗaya, wani lokaci tagar ma bangon maƙwabci take kallo. Don haka ƙofar ce hanyar iska. Daga hantsi zuwa la'asar a buɗe take, labule na kare mutuncin masu ɗaki, ita kuma an tokare ta da abin da ya samu: guntun bulo, turmi, jarkar ruwa ko tsohon takalmi. Fanka na taimakawa, amma tun da aka ƙara kashi 10 cikin 100 a kuɗin lantarki a Kodebuwa a watan Janairun 2024, iskar da ke shigowa kyauta ta ƙara daraja.

Matsalar tokare ƙofa da dutse ita ce dutsen kan gusa. Abidjan na bakin teku, iska kan taso farat ɗaya gabanin ruwan sama, musamman daga Mayu zuwa Yuli, sai ƙyauren ya kufce ya bugu da ƙarfi. Idan an yi sa'a gilashi ne zai tsage ko makulli ya saki. Idan ba a yi ba, yatsan yaro ne ke tsakanin ƙyaure da gefen ƙofa, ta wajen hinji, inda matsewar ta fi muni.

Wannan ne aikin ɗan ƙarfen da masu shagunan kayan gini, wato « quincaillerie », suka sani da sunan « butoir de porte magnétique » ko « arrêt de porte aimanté ». Da wannan suna ya kamata mai saye ya tambaya, a layukan Treichville ko a kewayen babbar kasuwar Adjamé.

Yadda yake aiki

Gida biyu ne. Ɗaya sanda ce gajera mai maganaɗisu a kanta, ana kafa ta a bango ko a ƙasa. Ɗayan faifan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bayan ƙyauren. Idan aka tura ƙofa har ƙarshe, su biyun su haɗu su kama. Idan aka ja da ɗan ƙarfi, su rabu. Ba ya cin wuta, ba ya son batir. A yawancinsu akwai ɗan sifirin a bayan faifan da ke shanye bugun, shi ya sa hannun ƙofa ke daina fasa fentin bango.

Mayen ƙarfe ba kowane abu yake kamawa ba. Ba ruwansa da katako, gilashi, alminiyam ko tagulla, har da wasu nau'o'in ƙarfen da ba ya tsatsa. Ke nan ƙofar katako ko ta alminiyam dole sai da faifan. Ƙofar baƙin ƙarfe ta mai walda tana iya kamawa kai tsaye, sai dai kaurin fenti na rage riƙon, domin ƙarfin maganaɗisu na faɗuwa da sauri da zarar an sami 'yar tazara, ko da ta milimita ɗaya ko biyu ce. Wannan ne ma dalilin da ya sa faifan da aka ɗaura a karkace ba ya riƙewa: gefe ɗaya ne kawai ke taɓawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin kafawa. A ɗauki ƙyaure mai faɗin santimita 80 da tsawon mita 2. Iskar da ke gudun kilomita 36 a awa, idan ta buge shi gaba da gaba, tana tura shi da ƙarfin da ya kusa nauyin kilo 10. Idan mariƙin yana can gefen da hannun ƙofa yake, rabin wannan nauyi kawai zai ɗauka, kimanin kilo 5, saura yana kan hinji. Idan aka matso da shi tsakiyar ƙyauren, sai ya ɗauki goman duka. Idan kuwa aka kai shi kusa da hinji don kada ya tare hanya, abin da mutane da yawa ke sha'awar yi, nauyin kan ninka har ya kai kilo 20, kuma kowane bugu yana girgiza ƙusoshin hinjin. Don haka wurinsa shi ne kusa da gefen da ke buɗewa.

Lissafin ya kuma nuna iyakarsa. Ga ƙofar ɗaki, ta kicin ko ta banɗaki, ya wadatar. Ga ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta shiga gida wadda ke fuskantar iska kai tsaye, tsohuwar ƙugiya da zobe, wato « crochet », ta fi shi amana, kuma kowane mai walda zai haɗa ta cikin minti kaɗan.

Bango ko ƙasa

A hoton da ke jikin kwali galibi a ƙasa ake nuna shi. A Abidjan bango ya fi. Gidaje da yawa ana wanke daɓensu da ruwa kullum, damina kuma kan shigar da ruwa ɗakunan da ke ƙasa-ƙasa. Treichville tana kan tsibiri ne a tafkin Ébrié, kusa da tashar jiragen ruwa, iskarta ɗauke da laima da gishiri. Maganaɗisu mafi ƙarfi, na neodymium, wanda aka fara ƙerawa a shekarun 1980, yana saurin cin tsatsa, abin da ke kare shi ɗan siririn rufin nikel ne kawai. Da rufin ya kankare, sai ya fara marmashewa. Baƙin nan na ferrite bai kai shi ƙarfi ba, amma ruwa bai dame shi ba. Jikin mariƙin kuma gara wanda aka rubuta « inox 304 » a kansa, a bi shi da ƙusoshin murɗawa irin nasa, don sau da yawa ƙusar ce ke fara ruɓewa ta bar jan tabo a bango.

Akwai kuma maganar ƙafa. A ɗakin da ake tuɓe takalmi a bakin ƙofa, sandar ƙarfe a tsaye a ƙasa tarko ce ga dattijon da ya tashi alwalar asuba cikin duhu.

Ɗan haya yana da nasa lissafin daban. Dokar haya ta 2018 ta taƙaita kuɗin ajiya, wato « caution », zuwa na wata biyu, kuma daga cikinsa ne mai gida ke cire kuɗin gyara ranar tashi. Huda karo, wanda a Najeriya ake ce wa tayil, na iya tsaga shi, samun irinsa kuma bayan shekaru wahala ce. Rami biyu a bango kuwa ɗan siminti da fenti sun ishe su. Akwai samfurin da ake liƙawa da gam ba tare da huji ba. Yana kamawa a kan karo mai santsi da aka goge ya bushe, amma a bangon da ke shan laima fentin yake ɓallowa da shi. Ko wanne aka zaɓa, a fara sanar da mai gida.

Lokacin rufewa

Amfanin mayen ƙarfe a kan bulo da turmi shi ne hannu ɗaya ya isa a saki ƙofar, kuma akwai lokutan da rufe ta ya fi buɗe ta muhimmanci. Rufaffiyar ƙofa tana jinkirta hayaƙi da wuta, tana ba masu barci mintocin tsira. Shi ya sa a asibitoci da manyan otal-otal ake riƙe ƙofofin kariya daga gobara da maganaɗisun lantarki, wanda ke sakin su da kansa idan ƙararrawa ta kaɗa ko wuta ta ɗauke. Na gida ba ya sakin komai sai mutum ya ja. Don haka ƙofar ɗakin kwana a rufe ta da dare, kuma kada a sa shi a ƙofar matakalar bene da aka yi ta don ta riƙa rufe kanta.

Sauro ma yana bin buɗaɗɗiyar ƙofa. Na zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, amma na dengue, cutar da ta ɓarke a Abidjan a 2017 da 2019, da rana yake yawo, musamman da safe da yamma. Wanda ke barin ƙofa a buɗe yini guda yana bukatar ƙyauren raga ko labulen raga a gabanta.

Idan mariƙin ya fashe, a tattara guntayen nan take. Yaron da ya haɗiye maganaɗisu biyu ko fiye yana cikin haɗari sosai, domin sukan jawo juna ta bangon hanji su huda shi. A garzaya da shi asibiti ko da bai nuna alamar ciwo ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kuma ya bar tazarar aƙalla santimita 15 tsakaninta da maganaɗisu, wanda hakan ke nufin a kafa shi can ƙasan bango, ba daidai ƙirji ba.

A shago, gwajin mai sauƙi ne: a haɗa gidajen biyu a ja su a miƙe. Idan yatsu biyu sun raba su ba tare da wahala ba, na ƙofar kabad ne, ba na ɗaki ba.