Zomo da Gada a Bakin Lambu

Zomon daji yana cikin 'yan namun dawa ƙalilan da har yanzu manomi ke kwana da shirinsu a ƙasar Hausa. Giwa da ɓauna da gwanki sun koma gandun daji irin su Yankari, amma shi zomo yana nan a bayan gari, cikin sabara da geza da gindin gamba, wani lokaci ma jifa ɗaya tsakaninsa da gidajen mutane. Nauyinsa kilo 1.5 ne zuwa 3, gashinsa ruwan ƙasa mai ɗan toka-toka, cikinsa fari, bindinsa gajere mai baƙi a sama. Iri biyu ake samu: na dajin ciyawa, wanda ya fi yawa a kudu, da na Sahel mai hasken gashi, wanda ke kaiwa har bakin hamada.

Duk halittar zomo ta gudun abokin gaba ce. Dogayen kunnuwansa suna juyawa kowanne da kansa, suna tsinto motsi daga nesa, kuma jijiyoyin jinin da ke cikinsu suna fitar masa da zafin jiki a ranakun bazara. Idanunsa a gefen kai suke, don haka yana ganin dama da hagu da abin da ke tahowa daga baya ba tare da ya waiwaya ba. Ko hutu yake yi bai cika rufe ido ruf ba, daga nan ne aka samo barcin zomo, wato barcin wanda bai saki jiki ba. Da rana yakan lafe a ɗan gurbin da ya share a gindin ciyawa, ya kwantar da kunnuwa, ya bar mai wucewa ya zo dab da shi. Sai in ya tabbata an gan shi yake zabura, a nan kuwa yana iya kaiwa kusan kilomita 60 a sa'a, yana kwana-kwana, har kare ya zarce shi da gudu ya rasa inda ya yi. Maharba sun san wannan sarai, shi ya sa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Zomon daji ba ya haƙa rami ya zauna ciki. Zomanya tana ɗaukar ciki kimanin mako 6, ta haifi ɗa ɗaya zuwa uku a fili, da gashinsu, idanunsu buɗe. Takan bar su a ɓoye cikin ciyawa, ta dawo ta shayar da su na 'yan mintoci wajen faɗuwar rana, ta sake tafiya don kada ta ja hankalin dila ko mujiya zuwa wurinsu. Yaran da suka tsinci ɗan zomo shi kaɗai sukan ɗauka maraya ne, alhali uwarsa tana kusa. Zomon gida da ake kiwo a keji wata dabba ce dabam. Asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal, shi ne mai haƙa rami, cikinsa wata ɗaya, 'ya'yansa kuma tsirara ake haifarsu, makafi, su biyar zuwa takwas a ciki ɗaya.

Abin da ya haɗa zomo da mai lambu haƙora ne. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, kimanin milimita 2 kowane mako, sai da gwaguya yake rage su. A bayan manyan haƙoran sama guda biyu akwai wasu ƙanana biyu a ɓoye, waɗanda ɓera da kurege ba su da su, kuma da su masana suka raba zomo da dangin ɓeraye. Cikinsa ma yana da nasa tsarin. Kashi iri biyu yake yi, busasshe mai kama da ƙwallo wanda ake gani a gona, da wani mai laushi da yake sake haɗiyewa don ya tatse sauran amfanin abincin. Da wannan dabarar yake rayuwa a kan busasshiyar ciyawa da ɓawon itace, kuma yakan daɗe bai sha ruwa ba, raɓa da ɗanyen ganye sun ishe shi.

Da damina ɓarnarsa ba ta cika damun kowa ba, domin daji ya yi kore ko'ina. Da rani ne ake yin ta. Kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, shanu sun kiwace abin da ya rage, wuta ta cinye sauran, sai ya zama ba wani ɗanyen ganye a duk karkarar in ban da na fadama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manyan filayen noman rani irin na Kadawa ko Bakolori, inda gona ke jingine da gona kuma mutane ke kai da kawo, ba su cika jin jiki ba kamar ɗan lambun da ke shi kaɗai a bakin rafi ko gefen tabki, da daji a bayansa. Latas da kabeji da ganyen karas da wake da ganyen dankali su ne zaɓinsa, musamman suna ƙanana, sati biyu ko uku bayan dashe. Albasa da tafarnuwa bai cika kula su ba. In yunwa ta yi tsanani sai ya koma wa ɓawon dashen mangwaro ko gwaiba ko zogale, kuma idan ya gwaguye ɓawon ya kewaye gindin, dashen ya mutu ko da ana ba shi ruwa, domin ta cikin ɓawon ne abincin da ganye ya sarrafa yake sauka zuwa saiwa.

Kafin a ɗauki mataki, wajibi ne a san wanda ya yi ɓarnar, kuma safiya ce ke nunawa. Yankan zomo tsaf yake, a karkace, kamar an sa reza, kuma ba ya wuce tsayin gwiwa. A jiƙaƙƙiyar ƙasar fangali ana ganin sawunsa, dogayen ƙafafun baya biyu a gaba, ƙananan na gaba a bayansu, domin haka yake dira in yana tsalle. Akuya da gada da barewa kuwa ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kawai, saboda haka fizgar ganye suke yi, su bar bakinsa a yage da zare-zare, ga sawun kofato mai tsaga. Kurege da rana yake aikinsa, tono kuma yake yi. Sau da yawa ana ɗora wa zomo laifin akuyar maƙwabci, a tafi ana ɗana tarko a daji alhali ƙofar lambun ce ba ta rufuwa.

Gada ita ce babbar abokiyar zomo a wannan sana'a, a wuraren da daji bai ƙare ba. Tsayinta a kafaɗa kamar rabin mita ne, nauyinta kilo 12 zuwa 25, namijin ne kaɗai ke da 'yan gajerun ƙahoni. Ita kaɗai take yawo, ba ta shiga garke, kuma in ta firgita sai ta sunkuyar da kai ta nutse cikin duhuwa. Ganye da furanni da 'ya'yan itace ta fi so a kan ciyawa, shi ya sa wake da kuɓewa da ganyen dankali suke jan ta. Kusa da mutane sai dare ya tsala take fitowa. Barewa kuwa, wadda ake cewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa saboda farauta da sharar daji, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Mai lambun da barewa ta shigar wa yau ya ga abin da yaran garuruwa da yawa ba su taɓa gani ba, kuma korarta ta fi kashe ta dacewa.

A tatsuniyoyin Hausa, Gizo ne gwanin wayo, zomo yana biye da shi. A wasu sassan Afirka kuwa zomo ne ke riƙe da wannan matsayi, Wolof na Senegal suna kiransa Leuk, masu jin Swahili suna kiransa Sungura. Akwai tatsuniyar da ta shafi mai gona kai tsaye: Gizo yana satar gyaɗa da dare, mai gonar ya ƙera budurwar danƙo ya kafa, Gizo ya zo ya yi mata magana ta yi shiru, ya kai hannu ya manne, ya kai ƙafa ta manne, har gari ya waye aka same shi. Bayin da aka kwashe daga Afirka sun kai irin wannan labari Amurka, inda ya zama zomo ne ke manne wa 'yar tsanar kwalta. Mutum-mutumin gaske da ake kafawa a gona dai ba ya kama kowa, tsoratarwa kawai yake yi, ita ma ta 'yan kwanaki. Zomo da gada suna lura. Tsumma a kan sanda, ko leda mai kaɗawa, ko gwangwanaye a jikin igiya, duk suna aiki daren farko da na biyu, amma da dabba ta ga abin ba ya bin ta sai ta ci gaba da kiwo a gindinsa. Wanda zai dogara da su sai ya riƙa sauya musu wuri da kama kowane 'yan kwanaki.

Shinge ne maganin da ya tabbata, kuma ƙasansa ya fi samansa muhimmanci. Zomo da gada duk sun fi son kurɗawa a kan tsallakewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Darnin kara yana tare ido da iska, amma gara tana cin gindinsa, kafin wata biyu ya yi ƙofofi. Shingen ƙaya na magarya ko farar ƙaya yana hana shanu da awaki da gada in an cusa shi da kauri, sai dai yana cin itatuwa duk shekara, kuma tarin ƙayar da ya daɗe yakan zama mafakar gafiya da maciji, har da zomon kansa. Shinge mai rai na aguwa ko bini-da-zugu ya fi ɗorewa, domin dabbobi ba sa cin su saboda ƙaron da ke jikinsu, amma in sun girma ƙasansu yakan buɗe, dole a riƙa toshewa. Wanda ke da hali, ragar waya irin ta kejin kaji ita ce ta fi: idonta kada ya wuce santimita 2.5, don ɗan zomo yana ratsa abin da ya fi haka, tsayinta kusan mita ɗaya, a binne bakinta na ƙasa kamar santimita 15, ko a lanƙwasa shi waje a danne da ƙasa da duwatsu. In an jingina ragar da shingen aguwa, an tare manya da ƙanana gaba ɗaya. A Amurka, inda manyan bareyi masu ƙaho mai rassa ke shiga lambuna, shinge sai ya kai mita 2.4 kafin ya hana su. Gada ba ta bukatar haka. Ƙofa dai a duba ta kullum, don mafi yawan shiga ta ƙarƙashinta ake yi.

Lokacin kafa shinge ma abin lura ne. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 irin na Turai a gonarsa da ke Ostireliya don ya riƙa farauta. Cikin 'yan shekaru suka zama miliyoyi, suka cinye makiyaya. Tsakanin 1901 da 1907 hukuma ta ja shingayen waya na sama da kilomita 3,000 a yammacin ƙasar, amma kafin a gama na farko zomaye sun riga sun wuce layin. Sai a 1950, da aka sakar musu wata cuta, yawansu ya faɗi. Zomon dajinmu ba ya hayayyafa haka, kuma yana da masu cinsa, amma ƙa'idar ɗaya ce a ƙaramin lambu: a gama shinge kafin a kawo dashe, domin zomon da ya ɗanɗana latas ya san hanya, zai yi ta neman kafa.

Dashen itace ɗaya-ɗaya ana kewaye shi da tsohon kwando ko da'irar tubali ko guntun raga, a bar tazara tsakaninsa da ɓawon. Wasu manoma suna dama kashin shanu da ruwa su shafa wa gindin, wasu su fesa ruwan barkono ko na ganyen darbejiya, ko ƙwai da aka kaɗa cikin ruwa, wanda warinsa ke korar masu kofato. Duk waɗannan ban-ruwa yana wanke su, sai an maimaita, kuma ba a fesa su a ganyen da ake shirin kaiwa kasuwa. Share ciyawa da sarƙaƙiya 'yan taku kewaye da shinge yana taimakawa, don zomo ba ya son ratsa fili inda mujiya za ta hango shi. Kare mai kwana a lambu ya fi kowane mutum-mutumi.

Farauta tsohuwar hanya ce. Da rani samari kan fita da karnuka da gora da kere, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda ya rataya shi ya sha rana. Namansa halal ne a mazhabobin nan huɗu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ya kama zomo, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da cinyoyinsa, ya kuma karɓa. Amma kashe ɗaya ba ya raba lambu da ɓarna, domin wani yakan maye gurbin cikin 'yan kwanaki. Hanyoyi biyu kuwa ɓarnarsu ta fi ta zomon. Cinna wa daji wuta don a tashe shi yana ƙone abincin dabbobi da ƙananan itatuwa, ya ƙara tura sauran namun dawa zuwa fadama. Zuba maganin ƙwari a ganye a matsayin guba yana kashe kare da kaji da ungulu, yana kashe dila da kyanwar daji waɗanda su ne ke rage zomaye, naman kuma yana iya ƙarewa a tukunyar wani. Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, kuma yana da nasa gurbi a dawan nan, shi ne abincin gaggafa da mesa da yanyawa.

Da ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta tsiro, zomo da gada sukan janye daga fadama su bazu cikin daji. A lokacin ne ake naɗe ragar waya a ajiye ta a inuwa don kada ta yi tsatsa a cikin ruwa, a kuma dasa yankan aguwa a guraben da shinge ya mutu. Abin da ke bukatar tsaro a farkon damina shi ne sabon tsiron wake da gyaɗa a kunyoyin da ke gefen daji, har su yi ganye su fi ƙarfin yanka ɗaya.