Abin da Ke Bayan Tagar Famasi a Asibitocin Dutse

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san nauyin kalmar "babu". Likita ya rubuta allura, mai jinya ya kai takarda tagar famasi, a duba a ce masa babu. Sai ya fita bakin ƙofar asibiti yana bin kemis-kemis, ko da ƙarfe biyun dare ne. A kan wanda ke zaune a taga ake sauke fushi, alhali tun makonnin baya aka yanke wannan "akwai" ko "babu" a teburin shugaban sashen magunguna, mutumin da majinyata kaɗan ne suka taɓa ganin fuskarsa.

A Dutse akwai Babban Asibiti, akwai kuma asibitin Rasheed Shekoni, wanda ya fara a matsayin asibitin ƙwararru na jiha, yanzu kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga Babban Asibitin Jahun inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa a sashen haihuwa da aikin yoyon fitsari tun 2008. A kowanne daga cikinsu, aikin famasi ga waɗanda aka kwantar daban yake da na masu zuwa su koma gida. Mai komawa gida zai iya jira zuwa gobe. Matar da jijjiga ta kama kan gwiwa ba za ta jira ba.

Babban ciwon kan shugaban sashe shi ne kuɗi. Yawancin asibitocin gwamnati suna tafiya ne a kan tsarin jujjuya kuɗin magani, wanda ya bazu a Afirka bayan taron ministocin lafiya a Bamako a 1987. Ana ba asibiti uwar kuɗi, ya sayi magani, ya sayar da 'yar riba, ya sake saye da abin da ya dawo. Jigawa ta kafa hukumar JIMSO domin ta riƙa sayo magani da yawa tana rarraba wa asibitoci. Tsarin mai kyau ne, amma kamar jarin mai shago yake: ranar da aka fara cin uwar kuɗi, kanta za ta fara bushewa. Kuma hanyoyin cin ta suna da yawa. A ari kuɗin magani a sayi man janareta. A kawo wanda ya yi haɗarin mota ba shi da kowa, a yi masa magani bashi, wanda dole ne a yi. Gwamnati ta ce magani kyauta ne ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5, to sai ta mayar wa famasi kuɗin a kan lokaci, in ba haka ba kyautar ce za ta cinye asusun.

Sai kuma faɗuwar naira tun daga Yunin 2023, da sanarwar da kamfanin magunguna na GSK ya yi a Agustan shekarar cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya. Kuɗin da ke cika sito a da ya daina cika shi. Shugaban da bai sabunta farashinsa da wuri ba, sayarwa yake yi da asara bai sani ba.

Wanda ya iya aikin yana karanta yanayi. Kafin damina ta yi nisa ya tanadi allurar artesunate da ledojin ƙarin ruwa, domin daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin yara cika yake yi da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Da rani ya shirya wa sanƙarau da ceftriaxone. Ɗakin haihuwa kuwa ba shi da lokaci: oxytocin na tsayar da zubar jini bayan haihuwa da magnesium sulphate na jijjiga ba a yarda su yanke ko na dare ɗaya ba.

A nan zafin Jigawa ke shigowa. Oxytocin da insulin a firij ake ajiye su, tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, a garin da zafi ke haura maki 40 a watan Afrilu, wutar KEDCO kuma tana zuwa tana tafiya. Allurar da zafi ya kashe wa ƙarfi ba ta canza kama. Ungozoma za ta yi ta, jini ya ci gaba da zuba, babu wanda zai zargi firij. Saboda haka takardar da ake rubuta sanyin firij safe da yamma ba aikin ofis ba ce kawai, kuma firij mai sola a famasi ya fi sabon fenti a bangon asibiti amfani nesa ba kusa ba.

Daga ina maganin ya fito? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane 10 na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. 'Yan Najeriya ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙoran yara da ya kashe aƙalla yara 84 daga ƙarshen 2008. A Fabrairun 2024 hukumomin kula da harkar magunguna na NAFDAC da PCN suka rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari a Kano domin su koma sabuwar cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda za a iya sa musu ido. Dutse ba ta da nisa da Kano, kuma duk ranar da famasin asibiti ya ce babu, aka je waje aka sayo, asibitin ya rasa ikon sanin asalin abin da za a zuba a jijiyar majinyacinsa.

Akwai kuma aikin da ya fi sito da lissafi. Masanin magunguna ba mai miƙa ƙwaya ba ne. Shi ne ido na ƙarshe a kan takardar likita kafin magani ya shiga jiki. Artesunate, alal misali, da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Gentamicin na iya taɓa ƙoda da kunne. Potassium chloride in aka tura shi jijiya ba a sirka ba, zuciya tsayawa take yi. Shugaba nagari yana tura ma'aikatansa zagayen ɗakuna tare da likitoci, yana kuma gina sashen da ƙaramin ma'aikaci zai iya kiran babban likita ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba wannan adadin," ba tare da tsoro ba. Inda ake wulaƙanta wanda ya kawo rahoton kuskure, ɓoye kuskure ake koya.

Shugaban sashe ne kuma mai riƙe makullin akwatin su morphine da pethidine, da rajistar da ake rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka yi wa. Shi ke tsara aikin dare da 'yan ma'aikatan da yake da su, ya tabbatar maganin da wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa.

Abin da wannan sashe ke buƙata daga shugabannin asibitoci da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa a bayyane yake. A ware asusun magani, kada a taɓa shi don wani aiki. A biya kuɗin maganin kyauta da na inshorar lafiya a kan kari. A ƙara ɗaukar masana magunguna har su isa shiga ɗakunan majinyata. Mai jinya kuma, in ta kama sai ka sayo magani a waje, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa, sannan ka nuna wa ma'aikacin famasi kafin a yi wa ɗan'uwanka amfani da shi.