Mdou Moctar: Sautin da Ya Fara Daga Situdiyon Sakkwato

Tun da kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da kundin Afrique Victime a 2021, masu sharhin kiɗa a Amurka da Turai suka sanya ƙungiyar Mdou Moctar ta Agadas a sahun makaɗan rock masu zaman kansu. Daga nan wasu suka fara cewa Turawa ne suka ƙera wannan sauti, suka ɗauko Ba'abzine daga hamada suka ɗora shi kan tsarinsu. Wanda ya bi fayafayan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya zai ga maganar ba ta zauna ba.

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a lokacin da waƙoƙin fina-finan Hausa suka mamaye kasuwa. Shi ya sa muryarsa a ciki ta bi ta na'urar nan mai lanƙwasa murya, ganga kuma ta kwamfuta ce, duk da cewa da Tamashek yake waƙar. Babu kamfanin da ya raba kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori, har ya kai arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da waƙar Tahoultine ya saka ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones. Wato Ba'amurken ya tarar da waƙar da ta riga ta ratsa ƙasashe, sai da ya sha nema kafin ya gano mai ita.

Masu ja suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sautin Sakkwato ya ɓace daga fayafayan da suka biyo baya. Kundin Ilana na 2019 a Detroit aka ɗauke shi, mai kaɗa jitar bes kuma mai tsara sautinsu, Mikey Coltun, Ba'amurke ne, sannan fim ɗin da Mdou ya fito a ciki a 2015, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, kwaikwayon Purple Rain na mawaƙi Prince ne. Sai dai ƙarar jita da gudun ganga da ake jingina wa Amurka, a filin biki aka haife su. A Agadas makaɗi yana kiɗa ne a sarari, da janareto da lasifikar da aka ƙure, ga ƙungiyoyi da dama na gasar samun gayyatar aure. Wanda bai tayar da matasa rawa ba, ba a sake kiransa. Kundin Afelan na 2013, da aka ɗauka a Tchintabaraden shekaru shida kafin Detroit, yana ɗauke da wannan zafi. Salon kuwa gadon kiɗan takamba ne da jitar Abdallah Oumbadougou, kuma Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim, masu jita ta biyu da ganga, 'yan Nijar ne da suka san bikin ciki da bai.

Abin da waje ya kawo shi ne kuɗi, kayan ɗauka masu kyau da hanyar kasuwa, kuma wannan dogaro yana da tsada. Juyin mulkin Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, iyakoki suka rufe, suka kasa komawa gida. Amma ko da kuɗin waje, bakinsu bai sauya ba: Funeral for Justice na 2024 ya caccaki Faransa kai tsaye, ya kuma yi kira ga Abzinawa su riƙe harshensu. A zaman jiran da juyin mulkin ya jawo ne, kafin fitowar kundin, suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin kundin da jita marar lantarki, aikin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.