Na'urar jan gaba: yadda take aiki, da abin da ba za ta iya ba

Kwanan nan saƙonni sun yi ta shigo mana, mafi yawa babu suna, a kan wata na'ura da ake talla a Facebook da WhatsApp, wai tana ƙara tsawon gaban namiji. Wasu har sun roƙi ƴan'uwansu da ke Faransa ko Abijan su sayo musu. Magana ce mai nauyi a baki, amma gara a yi ta a fili kafin wani ya ji wa kansa ciwo.

Na'urar ba ta da wuyar ganewa. Akwai zobe da ke zama a gindin gaba, da ƙananan sandunan ƙarfe biyu a gefe, sai madaurin roba da ke riƙe ƙasan kai. Idan aka ƙara tsawon sandunan, sai su riƙa jan gaban a hankali, ba tare da saki ba.

To, me ja zai yi? Gaba ba shi da ƙashi. A cikinsa akwai nama mai kama da soso wanda jini ke cikawa, an naɗe shi da wata fata mai tauri. Idan naman jiki ya daɗe ana jan sa a hankali, ƙwayoyinsa sukan hayayyafa, zaruruwan da ke riƙe shi su sake jeri, sai ya ɗan miƙe. Kun ga yadda kunnen mace ke saukowa idan ta shekara da shekaru tana sa ƴan kunne masu nauyi? Hanyar ke nan. Da irin wannan dabara ce likitan Tarayyar Sobiyet, Ilizarov, ya riƙa ƙara tsawon ƙashin ƙafa tun shekarun 1950, kusan milimita 1 a yini.

Ke nan tushen abin gaskiya ne. Inda masu talla ke rufe baki shi ne yawan ƙarin da wahalarsa. A wani bincike da aka wallafa a 2009 daga ƙasar Italiya, maza sun sa na'urar aƙalla awa 4 kullum har wata 6. Ƙarin da aka samu bai wuce kusan santimita 2 ba, kuma kauri bai ƙaru ba. Mutanen da aka gwada ma ƴan kaɗan ne. Manomi ko ɗan kabu-kabu, ina zai samu awa 4 kullum da ƙarfe a cikin wando? Sannan a sani, na'urar ba ta maganin rashin haihuwa.

Likitoci kan ba da ita, amma ga marasa lafiya: mai cutar Peyronie, wato tabo a cikin gaba da ke sa shi lanƙwashewa, ko wanda gabansa ya ragu bayan aikin ciwon dajin furosta. Su ma likita ne ke bin su.

Haɗarin fa? Idan madauri ya matse, jini ba ya kaiwa kai. Wanda ya ga kan ya yi sanyi, ya sauya launi, ya mutu ba ya ji, ko fata ta tsage, ya cire nan take. Ba a kwana da ita. Mai ciwon suga, wanda jinsa ya ragu, yana iya jin rauni bai sani ba. Mai sikila da mai shan maganin tsinka jini kada su taɓa sai da izinin likita. Ɗaura dutse ko wani abu mai nauyi kuwa, wallahi garin neman ƙiba ne a samo rama.

Ga abin da ya kamata ya kwantar da hankali. A 2015 masana a Ingila sun tattara awon maza sama da 15,000, suka samu matsakaicin tsawon gaba a tsaye kusan santimita 13 ne. Likitoci ba sa kiransa ƙarami ainun sai ya kasa kusan santimita 7. Mafi yawan masu wannan damuwa lafiyarsu ƙalau, hotunan salula ne suka ruɗe su. Wani kuma tumbi ne ya rufe gindin, idan ya rage ƙiba zai ga bambanci.

Ɗan'uwa, in abin yana hana ka barci, ko ka ga lanƙwasa ko ciwo, je ka ga likitan mafitsara a babban asibitin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Sirrinka yana hannunsa. Ku kuma na ƙetare, in an ce ku sayo, ku fara cewa a je asibiti tukuna. Allah ya ƙara mana lafiya.